Manomin da Ya Hana a Huda Tayarsa

Akwai wani manomi da ke da tarakta guda ɗaya da gona a gindin dutse. Gonar tana da albarka, amma a da dajin ƙaya ce, kuma ko da aka sare itatuwan, ƙayar ba ta tafi ba. Akwai ta aduwa, akwai farar ƙaya, akwai wata gajeriya mai lanƙwasa wadda sunanta ya kuɓuce mini yanzu, ko da yake ƙafata ta san ta sarai. Manyan tayoyin baya ba ruwansu, gama fatarsu na da kauri. Ƙananan na gaba su ne ke fara taka kowace ƙaya, su ne kuma ke sacewa.

Kowace damina haka yake fama. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ya shiga huɗa, kafin rana ta yi tsaka taya ta kwanta. Ya kwance ta, ya ɗaura a babur, ya kai gari. Kafin ya komo, ƙasa ta fara shan iska. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa. Wanda ya makara, hatsinsa ba zai nuna ba kafin ruwa ya ɗauke. Wata shekara ya kwashi iyalinsa duka suka shiga tsintar ƙaya, suka tara tsibi suka ƙone. Bai hana kome ba.

Mai facin da yake kai wa tayoyin taubashinsa ne, saboda haka ba a rasa tsiya tsakaninsu. Wata rana da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai mai facin ya ce masa, "Taubashi, tayoyin nan naka sun fi rigar mahaukaci faci. Ka kawo su in cika maka su da kumfa, mu huta da ganin fuskarka."

Manomin ya ce, "Kumfa? Ta sabulu?"

"Kai, baƙauye! Wani ruwa ne ake ɗurawa ta inda ake busa iska. In ya kwana biyu sai ya daskare kamar soson katifa, amma ya fi shi tauri. Ƙaya ta shiga, ba ta tarar da abin da za ta fitar ba."

Manomin ya yi ta juya maganar a ransa. Ni ma da na fara jin labarin na yi mamaki. Tun ina yaro nake al'ajabin yadda iska, abin da ido ba ya gani, take ɗauke da ƙarfe mai nauyin shanu da yawa, ga shi kuma ƙaya ɗaya ta ishe ta. Amma bari in koma kan manomin.

Ya kawo tayoyin biyu. Aka fara aikin ta farko yana can cikin kasuwa yana neman irin dawa. Da ya komo sai ya tarar an gama ta, an jingine ta a inuwa. Ta biyu tana tsaye, taubashinsa kuma ya ɗora mata tsinken ƙarfe a ka, ya ɗaga guduma.

Manomin ya yi wuf ya riƙe hannunsa. "Me za ka yi?"

"Huda ta zan yi."

"Na kawo maka taya domin kada ta huje, kai kuma za ka huda ta da hannunka? Ashe da ma ku masu faci ku ne ke shuka ƙaya a hanya!"

Mai facin ya yi dariya. "Sake ni, tsoho. Tayar nan cike take da iska. In ban buɗe mata ƙofa a sama ba, ta ina za ta fita ruwan ya sami wuri? Waccan ma na huda ta, na toshe."

Manomin ya je ya duba, ya ga ɗan tabon a kan tayar farko, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Waccan ka riga ka cuce ta. Wannan kam ba mai taɓa ta. Ɗura mata haka nan."

"Rabi kaɗai za ta ɗauka."

"Rabin ya ishe ni."

Mai facin ya ajiye guduma ya ce, "To, tayarka ce." Ya ɗura har ruwan ya ƙi shiga. Daga waje ba mai iya bambanta su. Dukansu sun yi tauri, sun yi kyau.

Ruwan shuka ya sauka, manomin ya shiga gona da murna. Bai yi nisa ba ƙayar aduwa ta sami tayar da ya hana a huda, daidai gefen da iska ta maƙale. Gefen ya lotse, ɗaya gefen kuwa yana nan da taurinsa, sai tarakta ta shiga ɗingishi, tana tashi tana faɗuwa, har tayar ta yage. Irin wannan ba ta facuwa, gama abin da ke ciki ya riga ya daskare. Yana tsugune yana duban ɓarnar, sai idonsa ya kai kan ɗaya tayar. Ƙaya ta cika ta kamar bayan bushiya, amma tana tsaye daram. Ya zare ɗaya, ya kara kunne ko zai ji fitar iska. Shiru.

Kafin ya samo sabuwar taya daga birni, dawar maƙwabtansa ta yi ganye. Ya yi shuka a makare, ruwa kuma ya ɗauke tun hatsinsa bai yi ido ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, tayar nan zuciyar mutum ce, gonar kuma duniya. Ƙaya ita ce gwaji, da baƙar magana, da rashi, kuma ba wanda zai tsince su duka. Iskar ita ce abin da muke kumbura kanmu da shi: girman kai, da "ni ban yi laifi ba", da son a yabe mu. Tana ɗaukar mutum ya yi tafiya mai nisa, har a ce ga mai ƙarfi, sai kalma ɗaya ta kwantar da shi. Ubangiji yana so ya cika mu da Ruhunsa, amma ba ya zuba shi a inda wani abu ya riga ya cika wurin. Shi ya sa yakan fara da huda: tsautawar ɗan'uwa, wa'azin da ya sosa maka inda ke ciwo, ranar da za ka buɗe baki ka ce, "Na yi zunubi, ka gafarta mini." Da zafi, ban ɓoye muku ba. Amma hudar mai gyara dabam take da ta ƙaya, gama shi yakan toshe inda ya buɗe.

Yawancinmu ba mu ƙi a cika mu ba, 'ya'yana. Muna zuwa sujada, muna raira waƙa, rabi ya shiga. Sai a kai ga wurin nan guda da ba mu so a taɓa, mu riƙe hannun Mai gyara. Kowannenku ya san nasa wurin. Yau, kafin ku kai ƙofar gida, ku sakar masa hannu.