Giɓin Tunau

Tun kafin a sa wa wannan yanki suna, lokacin da fatake ke kewaye shi daga nesa saboda tsoron namun dawa, an yi wani maharbi Bamaguje mai suna Tunau. Tsofaffin da suka ba mu labarinsa sun ce gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, kuma magana ba ta dame shi ba. Yunwa ce ta raba shi da garinsu. Ya taso daga shi sai matarsa Marka da karnukansa, ya yi ta nausawa kudu har ya iso gindin wani dutse inda ruwa ke ɓuɓɓugowa rani da damina, ga wata tsohuwar tsamiya ta yi wa wurin inuwa.

Ruwan nan yana da mai shi. Wata farar ɓauna ce, wadda aka ce tsuntsaye na yin sheƙa a tsakanin ƙahoninta, kibiya kuwa in ta doshe ta sai ta koma karan dawa ta faɗi. Tunau ya gan ta, bai ɗana baka ba. Ya ajiye kwarinsa a ƙasa, ya yanka baƙin zakara a gindin tsamiyar, ya ce mata, "In kin bar mini ruwan nan, ba zan hana mai rai sha ba, ko wane ne shi." Ɓaunar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta shige cikin dutsen kamar yadda mutum ke shiga ɗakinsa. Ba a sake ganinta ba.

Nan Tunau ya kafa bukka. Maharba 'yan uwansa suka ji labari suka biyo shi, suka naɗa shi Sarkin Baka. Su ne suka yi masa kirarin da har yau jikokinsu ke yi in za su shiga daji: "Tunau na Marka, gajere mai doguwar kibiya, baƙin dutse matattarar ruwa, mai gida da ba ya tambayar baƙo daga ina."

Gwarawa ne suka fara saukowa daga duwatsu, suka roƙi fadama, ya ba su. Bayansu sai Arɗo Jabbo ya iso da Fulaninsa da shanu ramammu, aka nuna musu makiyaya ta arewa. Daga baya wani ayarin Barebari masu fataucin kanwa ya yada zango, a cikinsu akwai wani malami mai suna Goni Kyari, wanda ya ga wurin ya ce shi tafiyarsa ta ƙare. Tunau da kansa ya sare itacen da aka yi ginshiƙan masallacin farko, shi da bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba. Duk shekara Goni yakan kira shi ya ce, "Sarkin Baka, har yanzu ba ka shirya ba?" Tunau ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka ci gaba da yi mini addu'a, ni kuma in tsare maka daji." Ba su taɓa ɓatawa a kan wannan ba. In maharba suka kamo barewa da sauran rai, sai su nemi Musulmi ya yanka, don naman ya shiga kowane gida.

A wani rani ne Tunau ya tsinci mutum a kwance a bakin hanyar fatake, ƙurajen cutar agana sun feso masa, abokan tafiyarsa sun gudu sun bar shi. Sunansa Yahuza, ɗan kasuwa ne daga ƙasar arewa. Tunau ya saɓo shi a kafaɗa ya kawo shi gida, Marka ta yi jinyarsa har ya miƙe. Da ya warke, ya je gaban Goni Kyari ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Tunau yayansa ne duniya da lahira, kuma ba zai taɓa cin amanarsa ba.

Yahuza mutum ne mai kaifin kai da daɗin baki. Yawon fatauci ya koya masa Fulatanci da Barbarci da Gwaranci, don haka ya zama tafintan gari. In saniya ta shiga gona, shi ke tsayawa tsakanin Arɗo da manoma. In za a yanke shawara, ta bakinsa maganar kowa ke bi kafin ta isa kunnen ɗan uwansa. Tunau ya saki jiki da shi ƙwarai.

Gari ya bunƙasa har labarinsa ya kai ga wani babban sarki a arewa. Sarkin ya aiko cewa mai garin ya zo ya yi mubaya'a a naɗa masa rawani. Tunau bai san zaman fada ba, bai iya maganarta ba. Ya haɗa hauren giwa da fatun damisa da tulunan zuma, ya ce wa Yahuza, "Je ka a madadina, ka faɗa musu yadda muke zaune."

Da Yahuza ya dawo, a kan doki ya dawo, da alkyabba, da dogarai a bayansa, da rawani a kansa. Ya sauka a ƙofar Tunau ya durƙusa, idonsa har da ƙwalla.

"Yaya, sun ce ba sa naɗa wanda ba ya salla. Na ga in na ƙi, baƙo za su turo mana. Shi ya sa na karɓa in riƙe maka. Rawani a kaina yake, amma gari naka ne."

Tunau ya ɗaga shi ya ce, "Ka yi daidai, ƙanena. Ni ina zan kai rawani cikin ƙaya?"

Abin da Tunau bai sani ba, kuma sai daga baya wani daga cikin 'yan rakiya ya tsegunta wa Goni Kyari, shi ne ba wanda ya tambayi Yahuza zancen salla a can. Shi ne ya tsaya gaban sarkin ya ce shi ya sari garin da hannunsa, maharbin nan kuwa baransa ne mai kawo masa nama.

Daga nan al'amura suka fara sauyawa a hankali. Yahuza ya san mutanen gari sun san wanda ya ba su wurin zama, kuma muddin kansu a haɗe yake, rawaninsa aro ne. Sai ya yi amfani da abin da ya fi kowa iyawa. Ya gaya wa Arɗo Jabbo da Fulatanci cewa maharba na shafa wa kibansu dafi saboda shanu. Ya gaya wa Gwarawa da harshensu cewa Tunau ya yi wa Fulani alkawarin fadamarsu. A masallaci kuma ya riƙa cewa jinkirin ruwan sama daga yankan da ake yi a gindin tsamiya ne. Ba wanda ya je ya tambayi ɗan uwansa, domin wanda zai fassara tambayar shi ne ya kawo maganar. Naman maharba ya daina shiga gidaje. Matan da suka saba haɗuwa a bakin ruwa suka raba lokacin ɗiba.

Sannan Yahuza ya ce a gina ganuwa saboda mahara. Kowa ya fito. Maharba da matansu su ne suka fi kowa ɗaukar ƙasa, Tunau da furfurarsa yana cikin masu kwaɓa. Aka faro daga gabas, aka zagayo ta arewa da kudu. Sai da aka zo haɗewa ta yamma mutane suka ga shatin da dogarai suka ja ya lanƙwasa, ya ɗauki idon ruwa ya sa a ciki, ya bar tsamiya da gidajen maharba duka a waje.

Tunau ya je fada ya tsaya, bai zauna ba. "Yahuza, ginin da muka ɗauko wa ƙasa da kanmu, mu ne zai bari a waje?"

"Yaya, maharba ai idanun gari ne, a waje suka fi amfani. Ga ƙofar yamma nan a bakin gidanka. Na yi maka alkawari, ba za a taɓa rufe muku ita ba."

Tunau ya dube shi, ya juya ya tafi. Goni Kyari kuwa bai yi shiru ba. Ya dogara sandarsa ya shiga har inda Yahuza yake, ya ce, "A gabana ka dafa Littafi."

"Allah gafarta Malam, don addini na yi. Masallaci da tsafi ba sa zama cikin ganuwa ɗaya."

"Addini bai aike ka ba. Na fi ka son mutumin nan ya musulunta, shekara da shekaru ina binsa da lallami. Yanzu da wane baki zan sake kiransa, bayan ya ga abin da mai salla ya yi masa?"

Yahuza ya sa aka raka malamin gida cikin girmamawa, ginin kuma aka ƙarasa shi yadda aka shata.

Bayan kaka mahara suka zo, mahaya dawakai masu kamun bayi. Da hantsi aka hango ƙurarsu daga yamma. Yahuza ya aika wa Tunau cewa ya tare su a mashigin rafi, iyalansu kuma su shigo cikin gari. Tunau bai yi musu ba. Ya kwashi maharba suka tafi mashigi, suka yi ta zuba kibau har dawakan farko suka ja da baya. Amma wani reshe na maharan ya zagaya ta cikin kurmi ya doshi gari.

Marka ta tattaro mata da yara da tsofaffi suka nufi ƙofar yamma. Suka tarar da ita a rufe, an saka mata gungume ta ciki. Suka buga, suka kira sunayen maƙwabtansu. Yahuza yana tsaye a kan ganuwa, ya ce in aka buɗe mahara za su shigo tare da su.

Wani maharbi ya ruga mashigi ya gaya wa Tunau. Tunau ya sauke bakansa ya tambaya, "Dogarai ne suka rufe, ko shi ne ya ce a rufe?"

"Shi ne da bakinsa, Sarkin Baka. Na gan shi."

An ce kibau na wucewa ta gefen Tunau bai ko kauce ba. Sannan ya ce wa mutanensa, "Ku koma duka ku tsaya tsakanin matanmu da dawaki. Ku bar mini kwaruruwanku biyu. Nan ni zan tsaya."

A cikin gari kuwa kukan yara na ratsa ganuwa. Goni Kyari ya je ƙofa, dogarai suka tare shi da masu. Sai ya koma gefe, daura da tsamiya, ya karɓi galma daga hannun wani manomi ya fara saran ganuwar. Tsoho ne, ƙarfinsa bai kai ya ɓantare ko tafin hannu ba. Amma Gwarawa suka gan shi, suka zo da galmunansu. Arɗo Jabbo ya tsaya yana kallo, sannan ya sa aka kawo bijimai da igiyoyi. Babu tafinta a wurin, kuma ba wanda ya nemi tafinta. Dogarai suka kasa ɗaga hannu a kan malamin da ke ba su salla. Ganuwa ta rufta a wurin, mata da yara suka kwarara ciki ta kan ɓaraguzai, maharba suka toshe giɓin da jikinsu, samarin Fulani da Barebari suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. Duk da haka an makara. Kafin ginin ya faɗi, mahara sun riga sun kwashi waɗanda ke can baya, kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Tunau ya riƙe mashigi shi kaɗai har rana ta karkata. Waɗanda aka kama daga cikin maharan sun rantse cewa ba mutum ɗaya suka yaƙa ba, ko'ina suka juya shi suke gani. Da ƙura ta lafa aka je nemansa. An sami bakansa a jingine da wani dutse, da kwari babu kibiya ko ɗaya, da jini a kan yashi. Gawarsa ba a gan ta ba.

Yahuza ya zo yi wa Marka ta'aziyya da dogaransa. Ya fara cewa, "Yaya Marka," sai ta ɗaga hannu.

"Kada ka sake kira na haka. Lokacin da ƙudaje kaɗai ke kusantar ka, da hannun nan na wanke maka ƙuraje. Jiya da shi na buga ƙofarka, kana kallona."

Yahuza ya juya ya fita da dogaransa.

A zaman makokin ne Arɗo da dattawan Gwarawa da maharba suka zauna wuri ɗaya, da guntuwar Hausar da kowa ya iya, suka gano abin da aka riƙa gaya wa kowannensu. Amma gano gaskiya bai tuɓe rawani ba. Sarkin arewa bai san Tunau ba, Yahuza kaɗai ya sani, kuma kyautar Yahuza na isa gare shi kowace shekara. Yahuza ya mutu a kan gadonsa da tsufansa, ɗansa ya gaje shi. Goni Kyari bai sake taka fada ba. Ya kwashe littattafansa ya koma bakin giɓin, nan ya karantar har ya rasu, kuma bisa wasiyyarsa nan aka binne shi, rabin kabarin a ciki, rabi a waje.

Yahuza ya sa an toshe giɓin tun yana raye. Ruwan farko na damina ya rusa ginin. Aka sake, ya sake faɗuwa, alhali sauran ganuwar ko tsagewa ba ta yi ba. Daga nan magina suka ƙi taɓa wurin, ko da an yi musu barazana.

Yau ganuwar ta zaizaye ta koma tudu, amma wurin da aka fasa a bayyane yake, faɗinsa ya isa shanu biyu su wuce a jere. In rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin masu salla da waɗanda ba sa yi, ba a fara kai ta fada. A nan ake zama a ƙasa, kowa ya faɗi tasa da bakinsa komai gurguncin Hausarsa, kuma ba a yarda wani ya yi magana a madadin wani. Jikokin Yahuza ne ke sarauta har yanzu, in maroƙa za su jero sarakunan gari daga kansa suke farawa, sunan Tunau ba ya ciki. Sai dai babu sarkin da ya taɓa ratsa wurin nan a kan doki. Sauka yake ya wuce da ƙafa, kansa a sunkuye. Sunan da aka sa wa garin ranar naɗi kuwa, Birnin Yahuza, a bakin maroƙan fada kaɗai ya rage. Tambayi kowane mai tafiya a kan hanyar nan inda za shi, zai ce maka Giɓin Tunau.