Mun Rasa Shi

A zamanin da, a wata ƙasa da ke bakin hamada, an yi wani sarki mai ɗa guda, sunansa Jatau. Wata shekara Jatau ya bi ayarin gishiri, ya bar matarsa Kubura da alkawarin dawowa kafin damina. Ayari ya dawo babu shi. Madugu Ilu ya faɗi gaban sarki yana kuka, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, mun rasa shi."

Fada ta ɗauki salati. Aka yi sadaka, sarki ya yi umarni Kubura ta shiga takaba. Ita kuwa ta ƙi.

Aka kawo ta fada a lulluɓe. Sarki ya ce, "'Yata, kina so ki ƙara mini ciwo ne?"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, tambaya ɗaya gare ni. Wane rashin aka yi? Ana rasa mutum a kabari, ana kuma rasa shi a kasuwa."

Sarki ya dubi Waziri Makau, tsohon da ya raine shi. Waziri ya nemi a bar shi ya tambayi fadawa ɗaya bayan ɗaya yadda Jatau ya mutu. Na farko ya ce zazzaɓi ne. Na biyu ya ce maciji. Na uku har ya kwatanta itaciyar da aka binne shi a gindinta. Da aka bi sawun maganar, kowa daga bakin wani ya ji, har aka dawo kan madugu.

Waziri ya ce, "Ilu, ka ga gawa?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe. Guguwa ce ta raba mu. Da ta lafa muka nema, muka rasa shi. Da na ga fada ta ɗauki kuka, sai na ji nauyin gyarawa."

Babban malamin fada ya ce, "Hankali ya isa hujja. Ba mai rayuwa a hamada babu ruwa. Shi ba shi da ruwa. Saboda haka ya rasu."

Waziri ya ce, "Allah ya gafarta malam, ginin ya miƙe, amma wa ya ga tubalin tsakiya? Wa ya leƙa salkarsa?"

Kubura ta ce, "Ni ina ji a jikina yana raye."

Waziri ya sassauta murya. "Wannan ma ba sani ba ne, 'yata. So ne."

Sarki bai taɓa kiran sunan ɗansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ranar nan ya ce, "Makau, ka ba ni ɗaya. Ko Jatau ya mutu in yi kuka in gama, ko yana raye in jira."

"Zaki, da ina da ɗaya da na ba ka tun ɗazu. Gaskiyar da ke hannunmu kaɗan ce: ba mu sani ba. Duk abin da na ɗora a kanta ƙarya ce, ko da mai sanyi ce."

Sarki ya janye umarninsa na takaba, ya yafe wa madugu, ya tura mahaya su bi rijiyoyin hamada. Ya kafa doka cewa duk mai kawo labari fada sai ya raba abin da ya gani da abin da ya zata. Alƙali kuma ya shaida wa Kubura cewa idan shekarun da shari'a ta yanka suka cika, tana iya zuwa a warware mata auren.

A bakin zaure Waziri ya tsayar da ita. "Kin yi nasara, amma ki duba abin da kika samu. Takaba tana da ranar fita. Wannan jiran ba shi da ita."

Ta ce, "Na sani, Baba. Shi kaɗai na sani."

Mahaya suka je suka dawo, ba su zo da gawa ba, ba su zo da mai rai ba. Shekarun suka cika har suka wuce. Alƙalin ya tsufa ya rasu, aka naɗa wani, Kubura ba ta taɓa zuwa ba.