Hanyar da Eloy Ya Ɓoye

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun arewacin jihar New Mexico ta Amurka, sunansa Eloy Archuleta. Tsohon mai walda ne, kuma ba mugun mutum ba ne. In motarka ta mutu a hanya, shi zai fara tsayawa. Abu ɗaya ne in aka taɓo shi idonsa ke rufewa: wurin da yake kafa tantinsa a daji.

Wanda ya saba kwana a gandun dajin gwamnati ya san yadda ake neman wuri. Ba famfo, ba banɗaki, ba mai gadi. Kana tafe a hankali a kan hanyar tsakuwa kana duba gefe. In ka ga sawun taya ya ratse cikin itatuwa, sai ka bi shi. In ka tarar da fili da duwatsun murhu a zagaye, toka a tsakiya, to wani ya taɓa kwana a nan, kai ma sai ka sauke kayanka. Wanda ya riga zuwa shi ke da wurin har ya tashi, domin dajin na kowa ne.

Eloy ya san wannan sarai. Bai dai yarda dokar ta hau kan nasa wurin ba.

Wurin yana ƙarshen wata 'yar siririyar hanya ce. Fili ne mai ciyawa da ƙaramin rafi, kewaye da itatuwan aspen masu farin jiki, waɗanda ganyensu ke komawa ruwan zinariya in kaka ta yi. Tun shekarar aurensu shi da matarsa Crucita suke zuwa. A jikin ɗaya daga cikin itatuwan ya sassaƙa sunayensu da wuƙa, tun yana da gashi a ka.

Crucita kuwa ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, numfashinta na raguwa kowace shekara. Duk ranar da za su baro filin sai ta dafa itacen nan ta ce, "Allah ya sa in sake ganinka." Ba ta roƙon wani abu da ya wuce wannan.

Da mutanen birni suka fara yawa a dajin, sai Eloy ya ɓullo da dabara. Ranar tashi zai wargaza duwatsun murhun, ya binne tokar. In sun fito bakin hanya, sai ya ɗaura wa wani ƙaton gungume sarƙa, ya ja shi da a-kori-kurarsa ya gitta shi ya tare hanyar. Sannan ya karyo reshe ya bi yana share sawun taya, yana tafiya da baya kamar mai sharar tsakar gida.

Crucita tana zaune a mota tana kallonsa ta madubi.

"Baban Marisela, wai gadon ubanka ne?"

"Ni na fara ganinsa."

"Kai ka fara gani? To murhun da muka tarar ranar farko, aljanu ne suka jera shi?"

"Ke dai sha kofinki. In na bari suka gano shi, gwangwani da kiɗa za su cika mana wuri."

Wata shekara yana cikin wannan shara sai wata mota ta tsaya. Wata mata ce mai suna Noreen Tafoya, malamar jinya daga birni, da mijinta Wade. Ƙura ta rufe motar, da gani sun sha yawo.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Noreen. "Tun safe muke neman inda za mu kafa tanti, ko'ina da mutane. Wannan hanyar akwai wuri a cikinta?"

Eloy ya ɓoye reshen a bayansa.

"Nan? Ba komai sai fadama da sauro. Ba ki ga itace ma ya faɗi ya tare ba? Ku bi ta hagu ku haura tudu, can ne wurare suke."

Bai taɓa bin hanyar tudun ba. Ya dai ji ana cewa duwatsunta na cin taya, shi ya sa ya zaɓa musu ita. Noreen ta yi godiya har da ɗaga wa Crucita hannu. Crucita ta sunkuyar da kai.

Aka yi shekaru a haka. Wata bazara ma'aikatan gandun daji suka kira taro a zauren makarantar ƙauye. Wata jami'a ta manna taswira a bango, ta ce ƙananan hanyoyin da ba a bi za a rufe su domin ƙasa ta huta, ruwan sama ya daina zaizayar ta. Wanda yake bin wata hanya, ya yi magana a bar masa ita.

Masu saran itacen hunturu suka yi magana. Mafarauta suka yi. Wasu har daga birni suka zo saboda hanyar tudu. Can sai yatsan jami'ar ya sauka a kan 'yar siririyar hanyar nan.

"Wannan mun je mun duba. Itace ya faɗi a bakinta, ba sawun mota, mun shiga da ƙafa ba mu ga ko murhu ba. Akwai mai bin ta?"

Ina zaune a bayan Eloy da Crucita, da idona na gani. Crucita ta fara ɗaga hannu. Eloy ya kama hannun ya mayar da shi kan cinyarta, ya riƙe.

"Babu?" in ji jami'ar. Ta ja layi ta wuce.

A waje Crucita ta tsaya tana mayar da numfashi.

"Me ka yi ke nan, tsoho?"

"So kike in miƙe gaban gari guda in nuna musu wurin a taswira? Su rufe ta a takarda mana. Iyaka dai su kafa allo, ko su ja waya. Ni da nake da sarƙa da almakashin ƙarfe? Kin ga ma yanzu ya zama namu mu kaɗai."

Har dariya ya yi, ya ɗauka ya ci riba.

Daminar nan ciwon Crucita ya tsananta. Likita ya sa mata robar iska a hanci da 'yar tukunyar da ake ratayawa, ya ce iskar kan duwatsu ta yi mata kaɗan. Kafin ƙanƙara ta sauko dole su koma wurin 'yarsu Marisela a garin Las Cruces, inda ƙasa ta yi kwari. Crucita ta roƙe shi alfarma ɗaya: kwana guda a filin aspen. Ya ce ya yarda, in dai mota za ta kai ta har inda za ta zauna, ban da tafiyar ƙafa.

Da ganye ya juya suka ɗaura kaya. Ta dafa miyar koren barkono da wake, ta naɗe tortiya, wato gurasarsu, a tsumma. A hanya har waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

Suna isa bakin hanyar Eloy ya taka birki.

Ba allo, ba waya, gungumen ma babu shi. Duwatsu ne manya aka jera, kowanne ya kai rabin motarsa. A bayansu an haƙa rami an tara ƙasa, an farfasa hanyar da katafila har inda ido ya tsaya, an watsa irin ciyawa. Ciyawar har ta fara tsirowa.

Ya sauka ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Ya ɗauko sarƙarsa ya ɗaura wa dutsen da ya fi ƙanƙanta. Motar ta yi gurnani, tayoyi suka tona rami, dutsen ko gezau. Daga nan zuwa filin kuwa hawa ne mai nisa, wanda ko shi mai lafiya sai ya huta a hanya.

Ya kashe motar ya zauna a kan dutsen, sarƙar na hannunsa. Crucita tana cikin mota tana kallon duwatsun. Ta daina waƙar, shi ke nan.

Suna nan zaune wata mota ta gangaro daga hanyar tudu ta tsaya. Matar ciki ta leƙo, ta ƙura masa ido.

"A'a! Ba Baban nan ba ne mai fadama da sauro?"

Noreen ce, ta gangaro ɗiban ruwa. Eloy ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa idonta ya riga ya kai kan robar da ke hancin Crucita, sai ta sauko ta zagayo ta wajen tagarta.

"Mama, lafiya kuwa? Me kuke yi a rana haka?"

Crucita ta gaya mata komai, ba ta raga wa mijinta ko kaɗan ba. Noreen ta saurara har ƙarshe, ta dubi duwatsun, ta dubi Eloy.

"Baba, ranar nan taya biyu ka ci mana. Wade har yau in ya ga mai riƙe da reshe sai ya tsuke fuska." Ta yi dariya. "Amma a ƙarshen hanyar mun sami wuri, tun daga lokacin can muke zuwa. Hanyar ma ta yi laushi, masu binta sun yi yawa, kowa ya zo sai ya ɗan kawar da dutse. Ku biyo ni. Mota na kaiwa har bakin murhu."

"Wurinku ne ai," in ji Eloy, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Namu? Yaushe muka saya?"

Suka bi ta a hankali. Wurin a kan ƙoƙuwar tudu yake, murhunsa a jere tsaf, ga itace a faskare an jingine wa mai zuwa. Wade ya dubi Eloy sama da ƙasa, sannan ya sauke nasu tantin daga inda ƙasa ta fi daidaita, ya matsar da shi kan gangare domin tsofaffin su samu. Noreen ta zaunar da Crucita, ta duba tukunyar iskar, ta miƙa mata madubin hangen nesa.

"Mama, dubi can ƙasan kwari. Kin ga wani ɗan fili da ganyensa ya yi ruwan zinariya? Shekara da shekaru muna zama a nan muna kallonsa, muna cewa ko ta ina ake shiga."

Crucita ta kafa madubin. Ta daɗe ba ta sauke shi ba.

"Shi ne," ta ce. "Ga rafin ma."

Washegari da safe Eloy ya gangara ya bar mota a bakin duwatsun, ya hau da ƙafa shi kaɗai. Sai da rana ta karkata ya dawo. Ya ɗauko mata hoton itacen a waya, sunayen nan biyu sun yi baƙi, sun faɗaɗa da girman itacen. Ya zaro ganye cike da aljihun rigarsa ya zuba mata a cinya.

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a rana. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Ka ga dai, Baban Marisela. Ka ɓoye wa duniya wurin, ka manta ni ma a cikin duniyar nake."

Eloy ya matso. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ya cire hula. Na san mutumin nan fiye da shekara ashirin, kuma Wade ya rantse mini ranar ya ga hawayensa.

Da za su tashi, Eloy ya nufi murhun kamar yadda ya saba. Wade ya tsaya yana kallonsa. Tsohon ya zuba ruwa, ya motsa tokar, ya sa bayan hannu ya ji ta huce. Sai ya sunkuya ya ɗauki wani dutse da ya gangaro daga da'irar, ya mayar da shi mazauninsa. Ya ɗauko gatari ya faskara itace ya jingine a inda ya tarar da na wasu. Sawun tayarsa kuwa ya bar shi a fili.

Kafin ƙanƙara ta sauko suka koma Las Cruces. Crucita ba ta sake hawa duwatsun ba. Na kai musu ziyara bara, na tarar da ganyen nan a cikin kwalba a bakin tagarta, ya bushe, zinariyar ta koma ruwan ƙasa. Eloy ne ke goge kwalbar kowace safiya.

Darasi: Abin da aka bar wa kowa, kada ka kulle shi don kanka. Hanyar da mutane ke bi ita ke rayuwa, wadda ka hana kowa kuwa wata rana za ta rufe, kuma mai yiwuwa wanda ka fi ƙauna ne zai tsaya a waje. In wani ya tambaye ka hanya, gaya masa gaskiya. In kana da wani Eloy a gidanku ko cikin abokanka, tura masa wannan labari, ka kuma raba shi ga sauran 'yan'uwa su karanta.