Yadda Tunau Ya Ɗaure Korama

Tun zamanin da dajin arewa bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana kiransa Tunau. Kirarinsa: Tunau mai kibiya ɗaya, ka fita da rana ka dawo da kaya! Mutanensa masu yawon neman ruwa ne. Ƙasarsu tana samun ruwan sama, amma koramunta ba sa riƙe shi. Da damina su cika su tumbatsa, kafin a gama girbi sun koma yashi. Shugabarsu Gwamma, yayar Tunau, ta riga ta yanke magana: in wani ranin ya sake kama su ba ruwa, kowa ya kama gabansa, zuri'a ta watse.

Ana tsakiyar rani Tunau ya bi sawun gada har cikin wani kwari, sai ya ji kukan kwaɗi. Kwaɗi da rani! Ya kutsa cikin ciyawa, ga tafki shimfiɗe, ga gawo da marke kore shar. An tare bakin wata korama da tarin rassa da laka, ruwa yana tsiyaya ta tsakaninsu a hankali.

Can sai ga maginin. Dattawa sun ce ya fi gafiya girma, bai kai ɗan akuya ba, wutsiyarsa faffaɗa kamar faifai, haƙoransa jajaye kamar na mai cin goro. Sassaƙau suke kiransa. Tunau ya ɗana kibiya. Dabbar ba ta ko dube shi ba. Ta gurguri wani itace har ya faɗi, ta ja reshe ta soka, ta debo laka ta liƙe. Tunau ya sauke baka, ya zauna yana kallo har rana ta karkata, sannan ya zuba a guje.

"Yaya, ku ɗaure kaya! Na ga ruwa ya tsaya!"

Suka zo suka sha, suka yi guɗa, suka kafa bukkoki. Amma mutanen da suka taso a ƙasar da ake girki da kashin shanu, in sun ga busasshen ice a tare, ba sa ganin komai sai makamashi. Tunau yana daji wajen farauta, kowa ya riƙa zarar reshe yana kai wa murhu. Da ya dawo, tafki ya tsiyaye, kifi yana birgima a taɓo, sassaƙau kuwa ya tafi. Ba a sake ganinsa ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Maza suka ce a yi katangar dutse. Tunau ya ce a'a, yadda ya gani haka zai yi. Ya kafa turaku, ya saƙa rassa, ya danna laka da ƙafa, ya bar ƙofofi ƙanana. Ya gangara ƙasa ya yi wani, ya ƙara wani.

Gwamma ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Auta, da kwando za ka tare mana korama?"

"Yaya, ba tare ta zan yi ba. Gajiyar da ita zan yi."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Korama ta taho tana ruri, ja wur, ɗauke da kututture. Ta daki datsin farko, ya lanƙwasa, mata suka sa salati. Bai karye ba! Ruwan ya ratsa shi, ya haura kansa, ya isa na biyu da sauran ƙarfi, ya isa na ƙarshe yana tafiyar tsohuwa. Yashin da ya ɗauko ya zube a bayan kowane datsi.

Da rani ya dawo, tafkunan suka janye har suka ƙafe. Aka fara ɗaure wa jakuna kaya, ba mai duban wani. Tunau kuwa ya nufi korama. Ya shiga tsakiyar yashin, ya durƙusa, ya riƙa tono da hannu. Bai kai gwiwar hannu ba yashi ya yi duhu. Ya ƙara kaɗan, ruwa ya ɓuɓɓugo, sanyi ƙalau. Koramar ba ta tafi ba, cikin ƙasa ta shige.

Gwamma ta kamfata ta sha, ta watsa masa sauran a fuska, ta juya ta ɗaga murya: "A sauke kaya!"

Nan aka kafa garin da ake kira Datsin Tunau. Har yau in hadarin farko ya haɗu, babba da yaro kowa yakan ɗauki reshe ya kai korama ya soka. Kuma ko da itacen girki ya ƙare a gari kaf, matar Datsin Tunau ta gwammace a kwana da garin tuwo a ƙwarya da ta zari tsinke ɗaya daga bakin ruwan nan.