Kurege da Cinyar Mai Sayen Farko

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Kurege ne dai, ɗan mai wutsiyar nan da kuka sani, ya wayi gari ya ce shi ya gaji da satar gyaɗa a gonakin mutane, kasuwanci zai yi. Ba kuma na rumfa da tabarma ba, kanti zai buɗe a cikin waya. A lokacin kuwa duk dabbar dajin nan ta mallaki waya, har Kunkuru da yake kwana biyu yana rubuta gaisuwa. Kurege ya soya gyaɗa, ya yi ƙuli-ƙuli, ya daka dakuwa, ya ɗauke su hoto ya ɗora. Ya rubuta a sama: "Kantin Alhaji Kurege. A yi oda, a biya in kaya sun iso." Alhajin ma shi ya ba kansa.

Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Kowa sai ya leƙo ya tambaya, "Wa ya taɓa saya?" Kun san halin jama'a, ba mai son ya fara. Kowa jira yake wani ya ci, a ga ko zai kwana lafiya.

Rana ta uku abin ya ishi Kurege. Sai ya yi wa kansa odar ƙuli-ƙuli guda ɗaya, ya kai wa kansa, ya biya kansa, ya cinye. Sannan ya rubuta yabo da sunan Wani Bawan Allah: "Wallahi ban taɓa cin irin wannan ba." Biri ya karanta ya ce, "Shi wannan Bawan Allah ba a yi masa suna ba ne?" Aka yi ta dariya, ba wanda ya saya.

Kurege ya yi tagumi, can dabara ta faɗo masa. Ya kwashe gyaɗar rumbunsa kaf ya kai wa mahauci, ya karɓo cinyar rago gasasshiya, tana naso, an barbaɗe ta da yaji. Ya ɗauke ta hoto ya rubuta: "Garaɓasa! Mai sayen farko, cinyar nan tasa ce. A zo a karɓa ranar Laraba."

Bai tsaya nan ba. Ya kira Kura a asirce ya ce, "Yaya Kura, tsakanina da ke, har yanzu ba wanda ya saya. Yi sauri, ke ce ta farko. Kar ki gaya wa kowa." Kura ta yi oda. Ya kira Damisa ya ce, "Hajiya, ke ce ta farko. Kar ki gaya wa kowa." Damisa ta yi oda. Ya kira Zaki ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai riga ka? Kai ne na farko." Zaki ya yi odar dakuwa buhu guda, shi da bai taɓa sa dakuwa a baki ba. Kafin la'asar labari ya bazu cewa manya suna saye, oda ta yi ta shigowa, wayar Kurege ta yi ta ƙara har ta ɗauki zafi.

To, ga cinya a rataye a ɗaka, ga ƙamshi, ga Kurege. Washegari ya zo ɗaukar sabon hoton talla, ya ce, "Yaya zan yabi abin da ban ɗanɗana ba? Ai ƙarya ke nan, ni kuwa ba na ƙarya." Ya gutsira, ya matso da waya, ya ɗauki hoto. Gari ya sake wayewa, ya ce gefen nan ya karkace. Ya gutsira, ya matso da waya, ya ɗauki hoto. Kullum cinya na raguwa, kullum waya na matsowa, har Kura ta rubuta a ƙasan hoton: "Ikon Allah, cinyar nan kullum ƙara girma take yi!"

Ranar Laraba da safe Kurege ya duba, sai ƙashi fari tas. Ya hau salati. Bai gama salati ba ya ji sallama a ƙofar rami. Ga Kura da ƙaton faranti, ga Damisa da nata, ga Zaki ya zo da tsinken sakace.

Kura ta ce, "Na zo karɓar cinyata."

Damisa ta ce, "Cinyar wa? Ni ce ta farko."

Zaki ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe akwai wata farkon bayan tawa?"

Su ukun suka juyo suka zuba wa Kurege ido. Kura ta lashi baki ta ce, "In babu ta rago, ai kai ma kana da cinya har biyu."

Tsoro ya kama Kurege, amma bakinsa bai mutu ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan talaka ne, ina ni ina raba gardamar manya? Kowa na yi masa fatan ya zama na farko, amma waya ce ke rubuta wanda ya riga. In kun yarda da hukuncinta, sai a duba."

Kowannensu ya tabbata shi ne. Zaki ya ce, "Abin da waya ta nuna shi ne hukunci. Wanda ya yi musu, da ni zai yi." Kura ta rantse, Damisa ta rantse.

Kurege ya buɗe jerin oda, ya gangara can ƙasa, ya karanta da ƙarfi: "Odar farko, ƙuli-ƙuli guda ɗaya. Mai saye, Wani Bawan Allah."

Zaki ya ce, "Wane ne shi? Ba ni lambarsa." Ya danna lambar a tasa wayar. Sai ga wayar Kurege tana ƙara a hannunsa. Kurege ya ɗauka, ya kara a kunne, ya ce cikin ladabi, "Salamu alaikum, Wani Bawan Allah ne ke magana."

Damisa ta ce, "To ina cinyar?"

Kurege ya shafa ciki ya ce, "An kai wa mai ita, Hajiya. Kantinmu ba ya jinkirin kai kaya."

Zaki ya so ya yi fushi, dariya ta ci ƙarfinsa, ya yi ta yi har tsinken sakace ya faɗi. Ya ce, "Hukunci ya riga ya fita daga bakina." Kura kuwa ta manta da rantsuwa, ta kai wa Kurege wawura. Ya yi wuf ya faɗa rami, ta tsira da gashin wutsiya cike da baki.

Daga can cikin rami, yana haki, ya sake ɗora talla: "Sabuwar garaɓasa! Mai sayen ƙarshe, rago sukutum nasa ne."

Kura tana tofar da gashi ta karanta, ta ce, "Wannan kam ba mai ƙwace min." Nan take ta yi oda. Damisa ta gani ta yi oda bayanta. Kura ta sake yi. Har yau ɗin nan da nake ba ku labari Kurege bai rufe kanti ba, ɗakin Kura ya cika da ƙuli-ƙuli, ita kuwa tana nan tana dannawa don kar wani ya zo bayanta.

Ƙurunƙus kan ƙashin rago. Wanda duk zai buɗe kanti a cikinku, ya fara sayen kayansa da kansa, ya kuma tabbata raminsa na kusa. Ni ma na yi odar dakuwa jiya, in ban ji wani ya yi bayana ba, ku zo cin rago.