Alhaji Tanimu a Watan Ƙanƙara

Ku matso kusa, yau labarin da shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalai.

A zamanin da hawa kumbo ya zama kamar shiga motar haya, an yi wani mai sayar da ƙanƙara a Nguru, ana ce masa Alhaji Tanimu. Kullum wuta na ɗaukewa, hajarsa na narkewa. Ran nan ya ji cewa duniyar Zuhal tana da wani ɗan wata wanda ƙasarsa duka ƙanƙara ce, ba mai gadi, ba mai shi. Ya ɗauki zarto, ya ja abokansa uku: Ilu mai haƙar rijiya, Jatau masunci, da Gambo mai shayi.

Suka hau kumbo, suka sauka a watan, kowa cikin rigar ɗaukin numfashi. Wuri fari fat, sama baƙi ƙirin da rana tsaka, ga Zuhal ta cika ido da zobbanta. Babu iskar shaƙa, sanyi kuwa ba a magana. Jiki ba nauyi, har Alhaji, da a gida sai ya dafa bango yake miƙewa, ya dinga tsalle yana dariya. Ilu ya gargaɗe shi kada ya matsa kusa da wata tsaga da ke ƙasa, domin ruwa ne a ƙarƙashi, kuma yana tumbatsa. Alhaji ya ce ai ƙanƙarar can ta fi tsabta. Ya tafi shi kaɗai, ya kafa zarto. Tsagar ta yi aman tururi, ta cilla shi sama kamar hular da guguwa ta fizge. Wayar kwalkwalinsa ta mutu. Yana kiran kowa da sunan ubansa, ba mai ji.

Ilu ne ya fara farga. Garin ƙanƙara mai zubowa ya riga ya rufe sawu, sai ya kwanta rub da ciki yana sauraren motsin ƙasa da ƙirjinsa, yadda yake yi in yana neman idon ruwa. Ya bi motsin har bakin tsagar, ya nuna wani ɗigo can sama ya ce, "Wancan tauraron mai tumbi, Alhaji ne."

Jatau ya ɗaura igiya a ƙugu, ya daka tsalle ya yi tsawon rimi goma, ya watsa ragarsa. Sau biyu yana kuskure. A na uku ya kamo shi ta ƙafa, yana cewa bai taɓa kama giwan ruwa irin wannan ba.

Amma abin da suka shigar kumbo ya sandare kamar icce, har Jatau ya fara salati. Gambo ya hana. Ya naɗe shi da barguna, ya yi ta murza masa tafin ƙafa, yana ɗiga masa shayin citta da cokali. Can Alhaji ya buɗe ido ya ce, "Gambo, sukarin bai ji ba."

Suka dawo Nguru ba ko ƙanƙarar jiƙa maƙogwaro, suka tarar matar Alhaji ta haifi ɗa namiji. Ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai raɗa wa yaron. Ga suna jibi, an sayi rago, su ukun kowa ya kai ɗinki.

To, Ilu ya gano shi, Jatau ya sauko da shi, Gambo ya farfaɗo da shi. Sunan wa liman zai raɗa?