Itacen da Dahlan Ya Sare a Kan Iyaka

Akwai wani mutum mai suna Dahlan Heremba da ya tashi a birnin Sorong. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya dawo ƙauyensu a tsaunukan Fakfak, ya karɓi gonar pala, itacen gyaɗar ƙamshi da kakanninsa suka dasa.

Shekarar farko itatuwan suka yi 'ya'ya har rassa na rinjaya. Ɗaya ne kawai bai yi ko ƙwaya ba: wani ƙaton tsohon itace da ke kan iyakarsa da maƙwabcinsa, dattijo Yuliyanus Kabes.

Abin da ya tsaya wa Dahlan a rai shi ne, duk mako sai ya ga dattijon yana share gindin wannan itacen, yana cire masa kurangar da ta nannaɗe shi.

Ya ce wa matarsa Rugaya, "Wa ke wahala a kan itacen da ba ya haihuwa? Tsohon nan alama yake kafawa. Gobe zai ce iyakarsa ta wuce nan."

Rugaya tana tuƙa tuwon garin sago ta ce, "Abokin Baba ne fa. Ka tambaye shi mana."

Ya je ya tambaya, fuska a murtuke.

Dattijon ya ce, "Ɗana, namiji ne. Shi kaɗai ya rage a wannan tudun. Furensa ne ke sa sauran haihuwa, nawa da naka."

Dahlan ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "To, Baba. Itace ma har da miji."

A hanya yana ta ƙunƙuni: "Don na girma a birni ya ɗauka zai yi min wayo."

Ranar Lahadi, dattijon yana coci, Dahlan ya kwantar da itacen, ya kafa turaku a wurin.

Kaka ta zagayo. Itatuwa suka yi fure, furen ya zube. Gonar da ke cika buhu goma ba ta cika ɗaya ba. Ta Yuliyanus ma haka.

Dahlan ya daina bin hanyar gidan dattijon. Ko a kasuwa ya hango shi, sai ya sauya layi.

Wata safiya ya tarar da dattijon a bakin kututturen, da kwandon dashe guda shida.

Dahlan ya durƙusa. "Baba, na cuce ka. Na zaci ƙasata kake so."

"Na sani. Ɗauko fartanya."

Suna haƙa, Dahlan ya tambaya, "Wanne ne namijin a ciki?"

"Ba a ganewa sai sun yi fure. Kamar shekara bakwai."

Dahlan ya dubi farin gashin dattijon.

Yuliyanus ya danna ƙasa da tafin hannunsa ya ce, "In ban kai ba, kai ka riƙa share musu gindi."

Darasi: Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle a kan mai neman alherinka. Abin da ka rusa da zargi a yini guda, shekaru ba lallai su mayar maka da shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai ajiye gatarinsa.